Idan kunnen yaro ya fara zubar da ruwa

Ƙarfe biyun dare, yaro ɗan shekara ɗaya ya farka da kuka. Jiki ya yi zafi rau, hannunsa na kan kunne yana ja. An ba shi nono, ya kama ya saki, ya ƙara tsala ihu. Can da asuba sai ya yi tsit, barci ya ɗauke shi, amma ga wani ruwa rawaya-rawaya a kan matashin kai. Iyaye suka ce alhamdu lillahi, ciwo ya fita.

Jama'a, ciwon nan bai fita ba. Dodon kunnen yaron ne ya huje.

Ga yadda abin yake. Kunne kashi uku ne. Akwai na waje, wato fatar da muke gani da ramin da ya zarce ciki har zuwa dodon kunne. Bayan dodon akwai wani ɗan ɗaki cike da iska, mai ƙananan ƙasusuwa 3 da ke miƙa sauti gaba, shi ne kunnen tsakiya. Can ƙurya kuma kunnen ciki yake, mai kula da ji da daidaiton tsayuwa, shi ya sa ciwonsa kan zo da jiri.

Ɗakin tsakiyan nan yana da siririn bututu da ya haɗa shi da bayan hanci. A jikin yara bututun gajere ne, kuma kusan a kwance yake. Da zarar mura ta kama yaro sai ya toshe, ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Mugunya ta cika ɗakin tana danna dodon kunne, wannan shi ne raɗaɗin da ya hana shi barci. Idan dodon ya fashe, mugunya ta samu hanya, zafi ya lafa.

Sau da yawa irin wannan ciwo kan lafa cikin kwana 2 zuwa 3 da maganin rage zafi irin su farasitamol. Amma jariri, ko yaron da zazzaɓinsa ya yi tsanani, ko wanda kunnensa ya fara zuba, a kai shi a duba. Likita zai haska ciki, idan da buƙata ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar amoksisilin, a kuma sha shi yadda aka ce har ya ƙare. Hujin yakan toshe da kansa idan an kula. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne kunnen da aka bari yana zuba fiye da mako 2, har ya koma wata da watanni. A hankali ji yana raguwa, magana ta yi wa yaro jinkiri, a aji a ce ba ya ganewa, alhali ji ne ba ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya kauce masa. Idan kuwa bayan kunne ya kumbura ya yi ja, ko wuya ya sanƙare, wannan ba a kwana da shi, don cutar na iya kaiwa ga ƙashi ko ta zama sanƙarau.

Sai dauɗar kunne. Sunan ne ya ɓata ta, amma kariya ce, tana tare ƙura da ƙwari, kuma da kanta take fitowa. Tsinken auduga, ashana, murfin biro, duk tura ta suke yi ciki, su kankare fatar ramin, wani lokacin su huda dodo. Daga nan ne, ko daga ruwan da ya maƙale bayan iyo, ciwon kunnen waje ke tashi: ƙaiƙayi, kumburi, da zafi idan an ja fatar kunne. Maganin ɗigawa yake so, amma sai an tabbatar dodon lafiya lau yake. Don Allah kada a zuba wani mai ko ruwan ganye a kunnen da ke zuba.

Manya kuma babban abokin gabarsu hayaniya ce. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, idan ana jin ta awa 8 kullum, tana kashe ƙananan ƙwayoyi masu kamar gashi da ke kunnen ciki, kuma ba sa sake tsirowa. Alamar farko ita ce wannan "shuuu" da kake ji bayan ka cire abin sauraro daga kunne ko ka bar wurin injin. Rage murya, ka riƙa hutar da kunne, a wurin aiki kuma ka sa abin toshewa.

Idan kuma ka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, babu mura babu ciwo, kada ka ce dauɗa ce. Je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a ranar, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko.