Kuje: Ba Shammatarmu Aka Yi Ba

Jama'a masu sauraro, a watan Agustan 2025 mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, Malam Nuhu Ribadu, ya fito ya sanar cewa an kama manyan jagorori guda biyu na Ansaru, ƙungiyar da ta ɓalle daga Boko Haram, Abu Bara'a da Malam Mamuda, waɗanda gwamnati ke dangantawa da fasa gidan yarin Kuje. Madalla. Jami'an da suka yi wannan aiki sun cancanci yabo, Allah Ya saka musu. Sai dai tun daga ranar nake jin wasu suna magana kamar an rufe littafin Kuje ke nan, wai 'yan ta'adda sun shammace mu, mu kuma yanzu mun rama. Wannan maganar ce ta hana ni sakat, domin ba gaskiya ba ce. Babu wanda ya shammace mu a Kuje.

Mu ɗan tuna abin da ya faru. Daren Talata, 5 ga Yulin 2022, saura kwana huɗu Babbar Sallah, mahara suka afka wa gidan gyaran halin Kuje da bindigogi da ababen fashewa. Kuje fa ba ƙauyen bakin Tafkin Chadi ba ne, cikin Babban Birnin Tarayya yake, kusa da filin jirgin saman da shugaban ƙasa yake sauka yake tashi. Akwai fursunoni 994 a ciki, 879 suka fice. Kusan rabinsu an kamo su ko sun dawo da ƙafarsu cikin kwana ɗaya, amma waɗanda aka zo dominsu sun tafi: ministan tsaro na lokacin, Bashir Magashi, da bakinsa ya ce mutum 64 da ake tsare da su kan zargin Boko Haram duk sun tsere. Jami'in sibil difens guda ya rasa ransa, fursunoni huɗu suka mutu. Kashegari ISWAP, wani ɓangaren da shi ma ya ɓalle daga Boko Haram, ta fito da bidiyo ta ce ita ce.

To, ina shammatar? Shekara goma sha biyu kafin wannan dare, ranar 7 ga Satumban 2010, cikin watan azumi, 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin Bauchi suka saki mutum 721, fiye da ɗari daga ciki nasu ne. Lokacin shekara guda ke nan da kashe shugabansu Muhammad Yusuf, mutane da yawa sun ɗauka ƙungiyar ta mutu. Da harin Bauchi ta sanar da duniya cewa tana nan da ranta, da waɗanda ta kwaso a daren nan ta ƙara ƙarfi. Aka fasa na Koton Karfe a 2012, aka sake fasa shi a 2014. A watan Maris na 2014 suka kutsa barikin Giwa a Maiduguri, barikin soja sukutum, suka buɗe ɗakunan da ake tsare da mutane. A 2021 kaɗai an fasa Owerri, inda fursunoni 1,844 suka gudu, an fasa Kabba, an fasa Oyo, an fasa Jos. Wanda aka yi wa sata ta ƙofa ɗaya har sau goma, ran na goma sha ɗaya ya buɗe baki ya ce an shammace shi?

Ko da an manta tarihi, ai wata uku kafin Kuje aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, ranar 28 ga Maris, kuma kowa ya ji cewa cikin buƙatun masu garkuwar har da sako mutanensu da ke tsare. Sun faɗi abin da suke so da babbar murya. Bayan harin, mataimakin kakakin majalisar wakilai na lokacin, Idris Wase, ya tsaya a zauren majalisa ya ce hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, ta ba da rahoton gargaɗi har 44 kafin a fasa Kuje. Arba'in da huɗu, jama'a! Ɗaya ma ya isa a ce wani ya hana idonsa barci. Teburin wa suka sauka? Wa ya karanta, wa ya sa hannu, wa ya tura su cikin durowa ya tafi gida?

Za a ce, ai yaƙin sunƙuru haka yake, ko'ina a duniya ana fasa gidan yari, kuma jami'anmu ba su da yawa. Ba na sayen wannan. Ministan cikin gida na lokacin, Rauf Aregbesola, ya ce akwai jami'ai 65 masu ɗauke da makamai a bakin aiki a daren, sojoji da 'yan sanda da sibil difens da gandirobobi. Kuma gidajen tsaro irin wannan an sha kare su idan an shirya. A watan Oktoban 2016 'yan bindiga suka kai wa gidan yarin Kutukale da ke kusa da Yamai hari, aka fatattake su. Kusan wata huɗu bayan Kuje aka gwada barikin Wawa a jihar Neja, inda ake tsare da ɗimbin waɗanda ake zargi da Boko Haram, sojoji suka tare su. Ashe dai ana iyawa.

Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya je Kuje kashegari kafin ya wuce Dakar. Ya ce bai ji daɗin yadda sashen tattara bayanan sirri ya gaza ba, ya kuma jero tambayoyi: jami'ai nawa ne a bakin aiki, nawa ke da bindiga, akwai masu gadi a hasumiya, me suka yi, kyamarorin tsaro suna aiki kuwa. Tambayoyi masu kyau. Amma shi ne babban kwamandan askarawa, shi ya kamata a ce ya matso amsar ya kawo mana. Shugaban majalisar dattawa na lokacin, Ahmad Lawan, shi ma ya je ya gani, ya ce wannan aiki ba zai yiwu ba sai da haɗin bakin na ciki. Idan mutum na uku a ƙasa ya faɗi haka, su wane ne na cikin? Ina sunayensu? Wace kotu aka kai su? Ku da kuke sauraro na, akwai wanda zai iya ambata mini babban jami'i guda da ya sauka daga kujerarsa saboda Kuje?

Abin da ya fi ci mini rai ba ginin ba ne, katanga ai an gyara. Ku tuna yadda aka yi mutum 64 ɗin nan suka shiga hannu tun farko. Akwai sojan da ya kwana a daji, wani bai dawo ba, matarsa tana nan tana fama da marayu a bariki. Akwai ɗan sa-kai na Maiduguri da ya nuna gida da yatsa, akwai mai unguwar da ya kai rahoto a ɓoye, akwai maƙwabcin da ya yi shahada ya ce wane ne. Dare ɗaya aka mayar da wahalarsu banza, kuma aka bar su da fargaba, domin wanda ya fito ya san wanda ya tona masa asiri. Gobe hukuma ta ce jama'a su riƙa ba da bayanai, da wane ido za ta kalle su?

Sannan me ya kai riƙaƙƙun waɗanda ake zargi da ta'addanci gidan yari mai matsakaicin tsaro, a cakuɗe da ɓarawon waya da wanda bashi ya kai shi? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi. Da ana yanke hukunci a kan kari, da mai laifi yana inda ya dace da shi, marar laifi yana gidansu, ba ya zaune shekara da shekaru yana sauraron wa'azin ɗan ta'adda. A 2019 an canja suna daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali. Sunan ya canja, amma a 2024 ruwan sama kawai ya rusa katangar na Suleja fursunoni fiye da ɗari suka yi gaba, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Saboda haka a yi wa Abu Bara'a da Malam Mamuda shari'a a fili kowa ya ji. Amma su daga waje suka zo, kuma sun daɗe da faɗa mana cewa suna tafe. Muna kira ga majalisar dokoki ta ƙasa ta nemo rahotannin nan 44, ta bi sawunsu ofis-ofis, ta kira duk wanda ya karɓa ya zauna a gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi da su. Yau ɗin nan ma akwai waɗanda ake zargi da ta'addanci a tsare a wurare daban-daban na ƙasar nan, kuma 'yan uwansu da ke daji sun san inda suke.