Duniya Mai Faɗi, Ciki Babu Kowa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Da takaici na kunna kyamarar nan yau, kuma gara in faɗa muku tun daga farko, domin kada ku ji muryata ta sauya ku ɗauka sanyin ƙasar nan ne ya kama ni. Wani wasan bidiyo ne ya ɓata mini rai, cikin irin waɗanda ake tallatawa da cewa an gina maka duniya sukutum, ka shiga ka je inda ka ga dama, ka yi abin da ranka yake so. Yuro 70 na biya, na'ura ta sauke shi cikin ɗan lokaci duk da girmansa ya haura gigabait ɗari, domin intanet ɗin da nake da shi a nan, alhamdu lillahi, ba ya sa mutum jira. Ba zan kama sunan wasan ko na kamfanin da ya yi shi ba, saboda cutar da ke damunsa ta daɗe da yaɗuwa, kuma duk wanda ya saba buga irin waɗannan wasanni zai gane ta da na fara bayani.

Da farko komai ya yi kyau. Ga duwatsu can nesa, ga hasken rana yana sauka a kan ruwa, ga ciyawa tana kaɗawa, har sai da na tsaya ina ɗaukar hotuna. Sai aka ce in hau wata hasumiya. Da na kai ƙololuwarta, taswirar ta cika da alamomi har ƙasar ba ta ganuwa: nan akwai akwati, can akwai sansanin abokan gaba, gaba kaɗan wani dattijo yana son a kawo masa fatun dabbobi goma. Na share sansani na farko da jin daɗi. Da na isa na biyu sai na tarar da tanti iri ɗaya, masu gadi a tsaye a wurare iri ɗaya, akwatin lada a kusurwa iri ɗaya, an dai sauya launin tutar da ke bakin ƙofa. Daga nan na gane cewa jerin aike aka miƙa mini, aka shimfiɗa shi a kan ƙasa mai faɗi domin tafiyar da ke tsakanin aike da aike ta cinye lokaci, a samu damar rubutawa a talla cewa wasan yana da awa ɗari na abin yi.

Akwai gwajin da nake yi wa kowane wasa irin wannan, kuma ban taɓa ganin ya yaudare ni ba. Ina aikata abin da ba a umarce ni da shi ba, in tsaya in ga ko duniyar za ta amsa. Ina bin wani mutumin gari a baya in ga ko yana da gidan da yake komawa, ina tura ƙofofin da ke kan titi, ina tayar da rikici a tsakiyar jama'a in tafi in dawo in ga ko wani ya tuna fuskata. A wannan wasa, mutumin da na bi ya kai ƙarshen layi ya juyo, ya sake kaiwa ya sake juyowa, yana maimaita jimla ɗaya. Ƙofofin kuwa zane ne a jikin bango. Wurin da na hargitsa ya koma daidai kafin in juya baya, mai gadin da na kayar yana tsaye yana yi mini sannu da zuwa. Kamar katafaren gida ne da aka sha masa fenti daga waje, ka shiga ka tarar ko tabarma babu.

Wannan salo na hasumiya da alamomi yana da tarihi. Wasan Assassin's Creed na kamfanin Ubisoft da ya fito a 2007 shi ne ya shahara da hawan wuri mai tsayi domin taswira ta buɗe, sannan Far Cry 3 na 2012 ya haɗa shi da ƙwace sansanoni ɗaya bayan ɗaya. A lokacin abin ya burge mutane, ni ma ya burge ni. Da aka ga yana kawo kuɗi sai kowa ya kwafa, domin sansani ɗaya da aka zana da kyau ana iya dasa shi a wurare da yawa ba tare da an biya marubuci ko mai zane wani sabon aiki ba. Faɗin ƙasa yana da arha ga masu yin wasa, abin da ke da tsada shi ne sanya wa kowane lungu dalilin da zai sa a je shi.

Babu inda wannan ya fito fili kamar No Man's Sky, wanda ƙaramin kamfanin Hello Games da ke Ingila ya fitar a watan Agusta na 2016. An ce yana da duniyoyi da adadinsu ya kai lamba 18 da sifili 18 a bayanta, adadin da ko dukan mutanen duniya suka taru ba za su gama ziyarta ba. Babu hannun da ya zana su, lissafi ne kwamfuta take bi ta haɗa dutse da tsiro da dabba daga wasu 'yan sassa da aka tanadar mata. Sakamakon shi ne bayan ka sauka a kan 'yan duniyoyi kaɗan, ka riga ka ga sassan duka, sauran sai dai a ɗora kan wannan dabba a jikin waccan. Jagoran kamfanin, Sean Murray, ya yi maganganu kafin fitowar wasan da suka sa mutane suka ɗauka za su iya haɗuwa da juna a ciki, sai ga wasu 'yan wasa biyu sun isa wuri ɗaya a farkon fitowarsa ba su ga juna ba. Fushin ya kai har hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta yi bincike, ko da yake a ƙarshe ta wanke kamfanin. Sai a 2018 aka saka cikakken tsarin buga wasan tare da wasu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne darasin ya girmi No Man's Sky da shekara ashirin. Kamfanin Bethesda ya fitar da Daggerfall a 1996 da ƙasa mai faɗin da ake kwatanta shi da na tsibirin Birtaniya, mafi yawanta kwamfuta ce ta tsara. Da suka zo yin Morrowind a 2002 sai suka koma ga tsibiri ƙarami wanda aka gina da hannu, kuma shi ne mutane suke ta yabo har yau. Duk da haka a 2023 kamfanin ya fitar da Starfield da duniyoyi fiye da dubu, 'yan wasa da yawa suka koka cewa suna tarar da gini ɗaya, da gawarwaki da takardu a wurare ɗaya, a duniyoyin da ke nesa da juna, kuma tsakanin tashi da sauka allon jira ne yake tare mutum. Tafiya ita ce ran irin wannan wasa, abin da ka ci karo da shi a hanya ba tare da ka nema ba. Idan aka mayar da tafiya danna maɓalli a kan taswira, me ya rage? A 2018 ma sun fitar da Fallout 76 babu ko mutum ɗaya mai rai cikin mutanen da kwamfuta ke sarrafawa, sai mutum-mutumi da saƙonnin murya na waɗanda suka mutu, har sai da aka ƙara mutanen a 2020.

Sai kuma waɗanda suka fito ba su nuna ba. Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt Red da ke Foland an sanar da shi tun 2012, ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, bayan mutane miliyan 8 sun biya kuɗinsa tun kafin su gan shi. Masu sharhi da aka ba wasan da wuri na kwamfuta kawai aka ba su, ba su ga yadda yake a na'urorin buga wasa na PlayStation 4 da Xbox One ba, inda yake tsayawa yana faɗuwa. Cikin kusan mako guda Sony, mai kamfanin PlayStation, ta cire shi daga shagonta, ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai a watan Yuni na 2021. Ni dai ba faɗuwar ce ta fi tsaya mini a rai ba idan ina kallon bidiyon wancan lokaci, 'yan sandan ne. Mutum zai aikata laifi a saman bene inda babu kowa, ya waiwaya ya ga ɗan sanda ya tsiro a bayansa, ya kuma shiga mota ya tafi babu mai bin sa. Birnin yana da kyau ƙwarai, amma wannan abu ɗaya ya isa ya nuna cewa a lokacin babu tsari a ƙarƙashin kyan.

Na san wasunku za su ce ai an gyara su, kuma gaskiya ne. No Man's Sky ya yi shekaru yana samun ƙarin abubuwa kyauta, Cyberpunk kuma ya zama wani abu dabam bayan babban gyaran 2023. Ina jinjina wa ma'aikatan da suka zauna suka yi wannan aiki. Sai dai wanda ya biya cikakken kuɗi a ranar farko shi ya sami mafi munin wasan, wanda ya jira shekara biyu ko uku ya sami mafi kyansa a kan rabin farashi, kuma ban ga yadda za a kira wannan adalci ba. Sannan ba kowane wasa ake gyarawa ba. The Day Before ya fito a Disamba 2023 bayan dogon talla, kwana huɗu bayan haka kamfanin da ya yi shi ya sanar cewa ya rufe.

Domin kada a ce ba na son irin waɗannan wasanni, bari in faɗi abin da ya sa har yanzu nake sayensu. A The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017 akwai hasumiyoyi, amma idan ka hau ba a zuba maka alamomi, kai ne za ka duba da idonka ka zaɓi inda ya ja hankalinka. Idan ka kunna wa ciyawa wuta iska mai zafi za ta tashi ta ɗaga ka sama, idan ka riƙe takobin ƙarfe cikin hadari tsawa za ta same ka, idan ka sare itace a bakin kwazazzabo ya zama gada. Dokoki ne kaɗan, amma suna aiki a ko'ina, shi ya sa mutum biyu suke warware matsala ɗaya ta hanya biyu. Minecraft kuwa, wanda Markus Persson ya fara a Suwidin a 2009, ko kyan zane bai dame shi ba, kuma shi ma kwamfuta ce take tsara ƙasarsa, amma kusan kowane tubali a cikinta kana iya cire shi ka mayar da shi wani wuri. An sayar da fiye da kwafi miliyan 300, Microsoft kuma ta sayi kamfanin da ya yi shi a 2014 a kan dala biliyan biyu da rabi. A cikinsa nake haɗuwa da ƙanena da na baro a gida, muna da wani gari da muke ginawa tare, kuma duk lokacin da na shiga na tarar ya ƙara ɗaki ko ya haƙa rijiya a bayana, sai in ji kamar ya leƙo ya gaishe ni. Ginin nawa ya fi nasa tsari, wannan ko shi ya sani.

Yanzu ga gargaɗina, musamman ga ku da kuɗin wasa ɗaya yake nufin tanadin watanni. Kada ku biya kuɗin wasa kafin ya fito, komai kyan bidiyon tallansa, domin kayan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa a shago. Kada kuma ku dogara da damar mayar da kuɗi. A Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, sharaɗin shi ne cikin kwana 14 kuma ba ka buga fiye da awa biyu ba, alhali awa biyun farko su ne inda ake zuba duk ƙwarewa, maimaicin ba ya bayyana sai an yi nisa. A shagon PlayStation ma ya fi tsanani, da ka fara saukewa damar ta wuce sai idan wasan yana da lahani. Abin da nake yi shi ne neman bidiyon wanda ya kai awa ashirin ko talatin a ciki, in kalli minti goma na tafiyarsa tsakanin wuri da wuri, ba tare da an yanke komai ba. Idan idonsa yana kan ƙaramar taswirar da ke kusurwa maimakon ƙasar da ke gabansa, na san abin da zan tarar.

Ku kuma duba ko wasan yana buƙatar intanet a kowane lokaci ko da kai kaɗai kake bugawa. The Crew, wasan tseren mota na 2014 wanda taswirarsa ta ƙunshi Amurka daga gaɓa zuwa gaɓa, an kashe kwamfutocin da ke ɗauke da shi a ƙarshen Maris 2024, kuma daga ranar ko wanda yake da faifansa a hannu ba ya iya shiga. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, na neman a hana kamfanoni kashe wasannin da mutane suka saya, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta tara sa hannun fiye da mutum miliyan ɗaya. Zan yi bidiyo na musamman a kansa, domin maganar wane ne ainihin mai wasan da ka biya kuɗinsa tana da tsawo. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.