Giwan ruwa, kifin da ke cin kifi

Jama'ar Damagaram salamu alaikum, yau kan giwan ruwa za mu yi magana, wanda in ka je Yamai gidajen abinci na bakin kogi za ka ji ana ce mishi kafiten.

Babban yana kai mita 2 a tsawo, nauyi kuma har kilo 200, kuma matan sun fi mazan girma. Jikinshi fari ne mai walƙiya, ga ƙaton baki. Gidanshi na asali kogin Nilu, kogin Kwara, kogin Senegal, Volta, Kwango da tafkin Cadi. Yana ƙarami ƙwari da ƴan jatan lande yake ci, da ya tasa shikenan sai kifi, ƙarfasa ne ko mene ne in dai zai shiga bakinshi, kai har ƴaƴan jinsinshi baya bari.

To mu nan bamu da kogi, kifin da muke gani a kasuwar Dole yawanci tarwaɗa ce da ƙarfasa, ko na tafkunanmu irin su Gidimuni ko banda daga wajen Diffa. Giwan ruwa kam yayi wuya, dalili kuwa shi kifi ne mai son ruwa mai zurfi mai iska a ciki, baya jure taɓo kamar tarwaɗa, shi yasa da fari na shekarun 1970 ya janye tafkin Cadi musamman gefen arewa da yake namu, sai yayi ƙaranci sosai.

Amma abinda nafi so ku ji shine na tafkin Biktoriya, tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya. Da can babu shi a ciki, mutane ne suka zuba shi a shekarun 1950 wai dan kamun kifi ya ƙaru. Yayi shiru shekaru da yawa, sai a shekarun 1980 ya cika tafkin ya bi ƙananan kifayen wurin da ci, irinsu wajen 200 suka ɓace, kuma wallahi wannan abun yana min ciwo saboda mafi yawansu babu su a ko'ina a duniya sai a tafkin nan. A kogin Kwara bai yi wannan ɓarna ba, dan kifayen can sun daɗe da shi sun san yadda zasu kauce mishi.

A tafkin Biktoriya kuɗi kam an samu, ana fere tsokar a kamfanoni a kai Turai, jakar iskar da ke cikinshi kuma ƴan Cana suna sayenta da tsada. Sai dai mai yayi mishi yawa baya shanyuwa a rana kamar ƙananan kifayen da ake kamawa a da, dole sai an banda shi da wuta, sai aka dinga sare itatuwan bakin tafkin, matan da ke sana'ar ƙaramin kifi kuma da yawansu suka koma sayen kai da ƙashin da kamfani ya rage suna soyawa suna saidawa.