Fodkas: Cinikin Luka, korar Nico, da kuɗin Ohtani da sai 2034

AUWALU: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da Dallas ta sallami janar manajanta Nico Harrison saƙonni ba su tsaya ba a zauren WhatsApp, kowa tambaya ɗaya yake yi, wai yanzu mun yarda cinikin da ya kai Luka Doncic Lakers shi ne mafi muni a tarihin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka? Zainab na nan, Kabiru na nan. Tsarin yau shi ne mu taɓa Dallas kaɗan, mu leƙa Dodgers, ƙungiyar besbol ta Los Angeles, mu rufe da rigimar rufin albashi, wato iyakar da ake sa wa kuɗin da ƙungiya ke biyan 'yan wasanta, da ke tafe a besbol.

ZAINAB: Kaɗan ka ce, Malam Auwalu. Za mu gani.

AUWALU: To bari in fara da jera kayan, don mutane suna cakuɗa su. Farkon Fabrairun 2025. Lakers ta karɓi Luka Doncic, Maxi Kleber da Markieff Morris. Dallas ta karɓi Anthony Davis, Max Christie, da gurbin zaɓen sabbin 'yan wasa na zagayen farko guda ɗaya tak, na 2029. Utah ta shigo a matsayin ta uku, ta ɗauki Jalen Hood-Schifino da gurabe biyu na zagaye na biyu don lissafin ya daidaita. Luka yana da shekara 25, Davis 31. Wata takwas kafin nan Luka ya kai su wasan ƙarshe da Boston, kuma sau biyar a jere yana cikin zaɓaɓɓun biyar na farko na gasar.

KABIRU: Ni dai zan yi wa Nico lauya na minti biyu, ku bar ni. A bazarar 2025 Luka ya cancanci babban kwantiragin nan na kashi 35 cikin ɗari na rufin albashi, kusan dala miliyan 345 a shekara biyar. Mutum ne da ake ta ƙorafi kan ƙibarsa, ga ciwon sha-raɓa da ya ajiye shi tun ranar Kirsimeti. Idan ka sa hannu, sulusin kuɗinka ya tafi kan mutum ɗaya har shekara biyar. Tsoron ba na banza ba ne.

AUWALU: Na ji, kuma ba a nan nake kama shi ba. Janar manaja yana da damar ya ce ba zan biya wannan kuɗi ba. Inda ya yi ɓarna shi ne yadda ya sayar. Da mutum ɗaya ya yi magana, Rob Pelinka, janar manajan Lakers, a ɓoye, makonni suna ƙus-ƙus. Sauran ƙungiyoyi ba su san Luka yana kasuwa ba sai da ɗan jarida Shams Charania ya wallafa da tsakar dare, har mutane suka ɗauka kutse aka yi wa shafinsa. Ku duba farashin da ake biya. Knicks ta ba da gurabe biyar na zagayen farko a kan Mikal Bridges a 2024, mutumin da bai taɓa zuwa wasan taurari ba. Minnesota ta ba da huɗu da ƙari a kan Rudy Gobert a 2022. Orlando ta ba da huɗu a kan Desmond Bane. Luka ya tafi a kan ɗaya.

ZAINAB: Kuma Lakers tana da na 2031 a hannu.

AUWALU: Tana da shi, ba a karɓa ba. Ɗan wasanta Austin Reaves na nan, ba a karɓa ba.

ZAINAB: Ga masu tambayar me ya sa ba a ce 2029 da 2030 ba, akwai dokar Stepien, wadda ta hana ƙungiya ta bar kanta babu gurbin zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba. Shi ya sa kullum kuke jin tsallake, 2027, 2029, 2031. A shekarun tsakiya sai dai a nemi damar musayar matsayi, wato idan naka ya fi nawa kyau mu canza. Ko wannan Dallas ba ta samu ba.

KABIRU: Hujjarsu ita ce idan labari ya fita, Luka zai zaɓi inda yake so, wakilinsa ya ce wa sauran ba zai sabunta ba, farashi ya faɗi.

AUWALU: Ya faɗi zuwa ina, Kabiru? Ƙasa da gurbi ɗaya? Kuma Luka yana da sauran shekara ɗaya da rabi tabbatacciya a kwantiraginsa. Oklahoma da San Antonio da Houston da Utah duk suna zaune a kan tarin gurabe. Kira huɗu a dare ɗaya ya isa. Sannan ga abin da ya faru da shi kansa Luka. Wancan kashi 35 ɗin, ƙungiyar da ta zaɓe ka ko ta same ka a kwantiraginka na farko ce kaɗai za ta iya ba ka. Ana musayar ka, ya tafi. Shi ya sa ya sa hannu da Lakers a kan miliyan 165 a shekara uku, da damar ficewa a 2028, lokacin da zai cika shekara goma a gasar ya sake cancantar kashi 35. Wato Lakers ta same shi da araha sau biyu.

ZAINAB: Sai kuma abin ya ci gaba da taɓarɓarewa. Davis ya ji ciwon matsematsi a wasansa na farko da Houston. Kyrie Irving, ɗayan tauraron Dallas, ya tsinka jijiyar gwiwa a watan Maris bayan an ɗora masa mintuna. Nico yana ta maimaita cewa tsaron gida ne ke cin kofi.

KABIRU: Amma sun sami Cooper Flagg, na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2025.

ZAINAB: Da damar kashi 1.8 cikin ɗari a ƙuri'ar da ake jefawa. Wannan rabo ne, Yaya Kabiru, kada ka rubuta shi a littafin Nico.

AUWALU: Kuma ko shi bai cece shi ba, ranar 11 ga Nuwamba aka sallame shi. Abin da nake so mutane su riƙe shi ne, ba Nico kaɗai ya sa hannu ba. Mark Cuban, tsohon mai ƙungiyar, ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa a ƙarshen 2023, Patrick Dumont na sabbin masu ita ne mai faɗa a ji, kuma cinikin wannan girman ba ya wucewa sai da amincewarsa.

KABIRU: Wani mai sauraro ya ce ai Masai ma ya yi irin wannan.

AUWALU: A'a, a bar mana ɗan Zariya. Masai Ujiri, shugaban Toronto Raptors a lokacin, a 2018 ya kori Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon koci, ya ba da DeMar DeRozan da Jakob Poeltl da gurbi ɗaya, ya karɓi Kawhi Leonard da Danny Green. Shi ne ya karɓi wanda ya fi kowa iya wasa a cinikin. Cacar da ya yi ita ce Kawhi saura shekara ɗaya kuma yana fama da cinya. Ya ci kofin 2019, Kawhi ya tafi Clippers, babu wanda ya yi kuka sosai. Nico kuwa mafi iyawar ya bayar.

ZAINAB: Wanda ya fi kama da shi yana besbol. Mookie Betts.

AUWALU: Yauwa. Fabrairun 2020, Boston Red Sox ta tura Betts da David Price zuwa Dodgers, ta karɓi Alex Verdugo, Jeter Downs da Connor Wong, don dai ta sauka ƙasa da layin haraji ta goge tarihin maimaici. Dodgers ta ba shi miliyan 365 a shekara goma sha biyu, ya ci kofi a 2020, 2024 da 2025.

KABIRU: To bayyana wannan harajin, don a nan mutane ke rikicewa.

AUWALU: Bambancin shi ne, a NBA yanzu hukuncin ya wuce kuɗi. Yarjejeniyar 2023 ta kawo shinge na biyu, a kakar 2024 zuwa 2025 yana wajen miliyan 189, alhali rufin albashin miliyan 140 da ɗoriya. Ka haura shi, ba za ka haɗa albashin 'yan wasa biyu ka karɓo ɗaya mai tsada ba, ba za ka saka tsabar kuɗi a ciniki ba, ba ka da ƙaramin kason nan na ɗaukar ɗan wasan da ba shi da kwantiragi. Gurbinka na shekara bakwai gaba a daskarar da shi, idan ka zauna a can shekara uku cikin biyar a jefa shi ƙarshen zagaye. Shi ya sa Minnesota ta rabu da Towns, shi ya sa Boston ta sauke Jrue Holiday da Porzingis shekara ɗaya bayan kofi. A besbol babu rufi. Layin haraji na 2025 miliyan 241 ne. Shekarar farko ka biya kashi 20 na abin da ka haura, ta biyu 30, ta uku 50. Akwai ƙari a matakin miliyan 20, 40 da 60 sama da layi, na ƙarshen yana kaiwa kashi 110 ga mai maimaici. Ka haura da 40, gurbin zaɓenka ya ja baya da matsayi goma. Shi ke nan. Mai kuɗi ya biya ya wuce, kuma Dodgers ta biya sama da miliyan 100 a 2024 ba ta girgiza ba.

ZAINAB: Sai dabarar kwantiragin Shohei Ohtani, tauraron Dodgers. Miliyan 700 a shekara goma, amma miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara. Sauran 680 za a biya daga 2034 zuwa 2043, miliyan 68 duk shekara, babu ruwa a kai. Wajen lissafin haraji ana duba darajar kuɗin a yau, sai ya koma kusan miliyan 46 a shekara maimakon 70. Amma ba kyauta ba ne kamar yadda ake yaɗawa. Dokar ta tilasta wa ƙungiyar ta ware kusan miliyan 44 na kowace shekara ta ajiye, tana juya su har lokacin biya. Ribar Dodgers ita ce masu ita 'yan harkar zuba jari ne, juya kuɗi sana'arsu ce.

KABIRU: Ku tsaya. Ba za a yi maganar jinkirta albashi ba a gai da Alhaji Bobby Bonilla ba.

ZAINAB: Na san za a zo nan.

KABIRU: Sarkin 'yan fansho na duniya. Yana bin tsohuwar ƙungiyarsa Mets bashin miliyan 5.9 a 2000, ta ce a ɗage, da ruwa kashi 8. Daga 2011 zuwa 2035, duk 1 ga Yuli, dala miliyan ɗaya da dubu ɗari da casa'in da uku.

AUWALU: Ba tantancewa.

KABIRU: Ba tantancewa, ba layi, ba a ce ya kawo hoton fasfo biyu da takardar shaidar yana raye.

ZAINAB: Ba a ce fayil ɗinsa ya ɓata ba.

KABIRU: Mutumin da rabonsa da fili tun 2001. Zai kai shekara 72 alat yana shigowa. Ni a ganina ranar 1 ga Yuli ya kamata ƙungiyar 'yan fansho ta riƙa yin walima da sunansa.

AUWALU: A ɗinka anko.

KABIRU: A ɗinka anko mai hotonsa, a yi masa shugaban kwamitin amintattu.

ZAINAB: Amma ku faɗi dalilin, don shi ne darasin. Masu Mets na lokacin suna da kuɗi wajen Bernie Madoff, wanda daga baya aka gano ɗan damfara ne, suna ganin ribar da ake rubuta musu ta fi kashi 8 nesa, sai suka ga ɗagewa riba ce. Ashe ribar ta takarda ce. Jimillar abin da Bonilla zai karɓa ya kusa miliyan 30.

KABIRU: A kan 5.9. Allah ya ba mu irin wannan ajiya.

AUWALU: Amin, amma mu koma. Mets ɗin dai a Disambar 2024 ta ba Juan Soto miliyan 765 a shekara goma sha biyar, ba a ɗage ko sisi ba, wato a darajar yau ya zarce na Ohtani nesa. Kuma ba su shiga wasannin neman kofi na 2025 ba, saboda masu jifansu na farko sun gaji tun tsakiyar kaka. Dodgers kuwa ta zuba miliyan 325 a kan Yamamoto, shi ne ya fito ya rufe wasa na bakwai da Toronto kwana ɗaya bayan ya yi jifa a na shida. Duka ƙungiyoyin biyu sun zuba kuɗi masu yawa, inda aka zuba su ne ya bambanta. A wasannin Oktoba mai jifa uku masu ƙarfi kake buƙata, mai bugu ɗaya sau huɗu ko biyar kawai zai riƙe sanda a wasa.

ZAINAB: Malam Auwalu, saura minti ɗaya, ba mu taɓa rufin albashin ba.

AUWALU: To a gurguje. Yarjejeniyar 'yan wasa da masu ƙungiyoyi tana ƙarewa 1 ga Disambar 2026, wasu masu ƙungiyoyi suna son rufi, ƙungiyar 'yan wasa ba ta taɓa yarda ba, kuma a kan wannan maganar aka rasa wasan ƙarshe na 1994. Ni abin da nake gani...

KABIRU: Tambaya ɗaya. Idan aka rufe gasar, Bonilla zai karɓi nasa?

ZAINAB: Kai Yaya Kabiru.

AUWALU: Mu bar shi zuwa mako mai zuwa, za mu buɗe da shi. Masu turo saƙo kan Giannis, mun gani, ku yi haƙuri. Sai an jima.