Hoton ƙwaƙwalwa ba shi ne hukuncin ƙarshe ba

Jama'a masu saurare, barkanmu da wannan lokaci.

Kafin 1971, likitan da ke zargin ƙari a ƙwaƙwalwar mara lafiya ba shi da hanyar leƙawa mai sauƙi. Hoton ƙashi yakan nuna ƙoƙon kai, amma abin da ke ciki ba ya fitowa sosai. Dabarar da likitan fiɗa Walter Dandy ya ɓullo da ita a Amurka a 1918 ita ce a zuƙe ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa, a hura iska a gurbinsa, sannan a ɗauki hoto. Wanda aka yi wa yakan kwana da azababben ciwon kai da amai.

Ranar 1 ga Oktoba 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, aka kwantar da wata mata da ake zargin tana da ƙari a na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin kai yanki-yanki, wadda injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera. Kumburin ya fito ƙarara, kuma da aka yi fiɗa, a nan aka tarar da shi.

Yau CT ta fi amfani idan ana gaggawa, don cikin 'yan mintuna take nuna zubar jini. Amma in ƙari ake nema, wata na'urar hoto mai suna MRI ce kan gaba. Ita da maganaɗisu take aiki, shi ya sa ake tambaya ko akwai ƙarfe a jikinka. Za ka kwanta cikin wani bututu mai ƙara kamar ana buga guduma, ba motsi, wani lokaci fiye da rabin awa. Sau da yawa akan yi allurar sinadarin gadoliniyam a jijiya, wanda ke taruwa inda ƙarin ya lalata shingen da ke kare ƙwaƙwalwa, sai wurin ya haskaka.

To, a nan ne mutane ke saurin karaya. Da zarar an ga farin tabo, sai a ce sankara ce. Ba lallai ba ne. Ƙurji mai mugunya, ko tarin fuka da ya kama ƙwaƙwalwa, kan fito da kama irin wannan. Kuma ƙarin da aka fi samu cikin waɗanda ke farawa daga cikin kai, wanda ke tsirowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, akasarinsa ba mugu ba ne.

Hoto yana faɗin inda ƙarin yake, girmansa, da abin da yake dannewa. Sanin ainihin irinsa kuwa galibi sai an yanko ɗan tsoka an duba a ɗakin gwaje-gwaje. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ma ya ƙara dogaro da gwajin ƙwayoyin halittar ƙarin kafin a sa masa suna, a kuma zaɓi magani.