Yadda Ake Kallon Dabba a Rubuta Abin da Ya Faru: Lacca ga Ɗaliban Nazarin Ɗabi'ar Dabbobi

Assalamu alaikum. Ɗalibai, kayan aikinku na farko a wannan fanni ido ne da agogo da fensir. Na ce fensir domin tawadar biro takan ɓata takarda idan yayyafi ya same ku a fili.

Kafin ku fita, ku rubuta jerin ayyukan dabbar da za ku kalla. In awaki ne: kiwo, tuƙa, kwanciya, tafiya, karo, shayarwa. Kowanne ku fayyace shi yadda wani zai gane shi ba tare da ya tambaye ku ba. "Akuya ta yi fushi" zato ne. Ku rubuta: ta sunkuyar da kai, ta kai wa wata karo da ƙaho.

Babbar matsala ita ce ido yana bin hayaniya. Bunsuru biyu na faɗa, kowa ya juya can, uwar da ke shayarwa a gefe ba wanda ya rubuta ta. A 1974 Jeanne Altmann, wadda ta yi nazarin bika a Amboseli ta ƙasar Kenya, ta tsara hanyoyin kauce wa wannan, kuma har yau da su ake aiki.

Ta farko: ku zaɓi dabba ɗaya da ƙuri'a tun kafin ku duba garke, ku bi ta minti 10, kuna rubuta duk abin da ta yi da lokacinsa. Idan ta shige bayan kara, ku rubuta "ba a gani". Kada ku cike giɓin da tsammani, nan ne ƙarya ke shiga bayanai ba a sani ba. Ta biyu: duk bayan minti 5 ku duba garken daga hagu zuwa dama, ku rubuta abin da kowace ke yi a daidai lokacin. Wannan tana nuna yadda dabba ke raba yininta, amma barbara da karo sukan wuce ta, don ba sa daɗewa.

Ku raba lokutan kallo tsakanin safe da rana da yamma, in ba haka ba, za ku ce awaki ba sa komai sai kwanciya. Ku bari su saba da ku kwanaki kafin ku fara ƙirge. Kuma ku sani, kallo 200 a kan awaki 3 har yanzu awaki 3 ne a lissafi.

Kafin a amince da bayananku, ɗalibai biyu su kalli bidiyo ɗaya kowa shi kaɗai, a kwatanta. In sun saɓa da yawa, ku koma ku gyara jerin nan na farko.