Tsohon mutum ya mutu, ko idon jama'a yake tsoro?

Salama a gare ku mutanen gida, na Wusasa, na Samaru, na Sabon Gari, har da na Tudun Wada. Daga Manchesta ta ƙasar Ingila nake magana. Ku yi haƙuri da ƙugin iska, yanzu na tashi daga aikin dare.

Wani ƙanena, ɗalibi a Samaru, ya turo mini saƙo. An yi masa baftisma, yana cikin mawaƙan coci, amma cacar ƙwallo ta waya ta ƙi sakinsa, har ya soma taɓa kuɗin makaranta. Ya ce, "Yaya, in tsohon mutum, wato halinmu na zunubi na dā, ya mutu kamar yadda ake wa'azi, wane ne wannan da ke danna waya da tsakar dare?"

Bari in juya kyamara. Kun ga shagon can mai koriyar fitila? Gidan caca ne, kuma doka ta yarda da shi. Ga wani dattijo da sandarsa zai shiga, takardar cacar jiya tana leƙowa daga aljihunsa, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. A Wusasa kuwa, kafin ka isa bakin St. Bartholomew, cocin nan da aka gina da ƙasa a 1929, iyayenmu 'yan Zumuntar Mata sun tare ka, sun tambayi lafiyar Mama, sun lura da inda ka fito. Kunya tana riƙe mutum, ban raina ta ba. Sai dai da yawanmu sai da muka zo inda ba a san ɗan wane ne kai ba, sannan muka gane cewa abin da muke kira tsarki, rabinsa tsoron bakin mutane ne. Ƙanena, kai ba ka buƙatar biza. Wayar hannunka ta riga ta kai ka inda ba mai gani.

Buɗe Romawa sura 6. A aya 6 Manzo Bulus ya ce an gicciye tsohon mutum tare da Almasihu. Aiki ne da aka gama, ba kai ka yi shi ba. A aya 11 ya ce mu ɗauki kanmu matattu ga zunubi, a ta 12 kuma ya ce kada mu bar zunubi ya yi mulki a jikinmu. Da a ce jaraba takan ƙare ranar baftisma, me zai sa ya rubuta aya ta 12 ga waɗanda aka riga aka yi wa baftisma? Don haka baftismarka ba ƙarya ba ce. Kamar wanda ya tashi daga gidan haya ne, tsohon mai gida ya biyo shi sabon gida yana buga ƙofa wai a biya shi. Muryarsa ka saba da ita, gabanka zai faɗi, amma ba ya binka ko sisi.

Shi ya sa wa'azin nan na "zo daren addu'a ɗaya, komai ya wuce" ba ya kwanta mini. Ubangiji Yesu ya ce a ɗauki gicciye kowace rana, Luka 9:23.

Kuma Bulus bai tsaya a "bari" ba. Duba Afisawa 4:28: ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa, har ya sami abin ba mabukaci. Hannun da aka raba da sata in an bar shi a zaune, hanyar da ya sani zai koma. Agustin, babban malamin ikilisiya na dā, mutumin Arewacin Afirka, a Milan ya tuba a shekarar 386 bayan ya karanta Romawa 13:13-14, inda aka ce a yafa Almasihu, kada a yi wa sha'awar jiki tanadi. Manhajar cacar da ka bari a waya "don duba sakamako kawai", tanadi ce. Goge ta yau.

Sannan ka nemi mutum ɗaya, dattijon ikilisiya ko fastonku, wanda bakinsa ke da murfi, ka faɗa masa adadin kuɗin da ya tafi, ba "ina da 'yar matsala" ba. Yakubu 5:16 ke nan, inda aka ce mu faɗa wa juna zunubanmu. Ɗari biyar ɗin da kake zubawa ranar Asabar, ka saya wa abokin ɗakinka abinci da ita.

Batun gaya wa Baba zancen kuɗin makaranta, wannan ba na bidiyo ba ne. Zan kira ka ranar Lahadi bayan sujada.